Abin da Ya Hana Nafi'u Shiga Sahu

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ofis tambaya, a majalisa tambaya, har mai kifin bakin gada sai da ya riƙe mini leda ya ce ba zai saki ba sai na gaya masa abin da ya sa Koci Garba ya zaunar da ɗanmu a benci ranar wasan ƙarshe. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan ɗungurungum. Wanda ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai sani ba, kwalejin garin nan namu na Wudil tana da ƙungiyar ƙwallon kwando, mu kuma muna da majalisa a teburin mai shayi wadda ba ta da aiki bayan la'asar sai maganar ƙungiyar. Babu wanda ya taɓa buga wasan a cikinmu. Ni malamin gona ne, akwai tela, akwai direba, akwai mai sayar da taki, amma in ka ji muna tsara wa koci yadda zai jera yara sai ka rantse mu muka ƙirƙiro wasan. Bana kuwa baki ya samu abin faɗa. Manyan 'yan wasan da muka saba da su sun gama karatu sun tafi, aka bar mu da sababbin shiga, kakar wasa na farawa aka shiga lallasa mu gida da waje.

"Yaran nan ba su da laifi," in ji Ilu Tela, wanda ya fi kowa murya a majalisar. "Bashir ɗan Kausani akwai gudu, illarsa yana jefa wa mutum ƙwallo tun bai waiwayo ba. 'Yan biyun nan na Gaya kuma tsoron karo suke, ka ce ƙwai ne a aljihunsu. Duk wannan zai gyaru. Amma a ce kana da Gwangwala, yaron da ko bai yi tsalle ba hannunsa yana shafar raga, ka sa shi minti kaɗan ka cire? Wallahi da walakin, goro a miya."

Gwangwala shi ne Nafi'u, ɗan yayata Hadiza, ɗan farin Malam Hudu na Dagumawa. Shekararsa ta farko ke nan a kwaleji. A wasan buɗe kaka shi ya riƙe mu, har garin ya ɗauka da zancensa. Ya je gida girbi ya dawo, sai koci ya fara rage masa lokaci ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Nan majalisa ta rabu. Wasu suka ce koci yana da ɗan gida da yake so ya ɗaga. Wasu suka ce wata kwaleji ce ta yi wa yaron tayi, koci ya ji haushi, wasu ma suka ce kuɗin wata kwalejin ya ci. Ilu kullum sai ya tura murya a guruf ɗinmu na waya yana cewa Gwangwala ne kaɗai fatanmu, duk wanda ya zaunar da shi maƙiyin Wudil ne. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, don ni mutum ne da ba ya yarda da abu da wuri. Mai ɗakina tana cewa ko ruwa ta ba ni sai na leƙa gindin kofi.

Ana cikin haka Malam Hudu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kama sunan Nafi'u, kamar yadda dattawanmu suke yi da ɗan fari.

"Malam Isyaku, yaron nan naka," ya ce. "Wani ɗan garin nan da suke ɗaki ɗaya ya shaida wa uwarsa cewa an daɗe ba a gan shi a masallacin makaranta ba. Da an kira salla sai ya sulale. Ranar da ya zo nan ma ban gan shi a sahu ba, aka ce wai ya yi a ɗaki. Ni ban tura shi Wudil don ya koyo barin salla ba. Na ji za su ƙetara Nijar wasa. Ka bi su ka gano mini da idonka. In gaskiya ne, ƙwallon da karatun duk ya gama, ya dawo gona inda zan riƙa ganinsa."

Malam Hudu ba ya magana biyu, wannan kowa ya sani. Yaya Hadiza ta rako ni har ƙofar gida, ba ta ce komai ba sai, "Isyaku, ka ji tsoron Allah a abin da za ka faɗa." Da wannan nauyin na shiga motar 'yan wasan, ba don son yawo ba.

Wata makaranta ce a Damagaram ta gayyaci yaranmu gasar sada zumunta, koci ya karɓa don sababbin su goge. Ya yarda magoya baya biyu su bi. Ilu ya samu kujera saboda shi ya ɗinka tutar ƙungiya, ni kuma na ce ni kawun ɗan wasa ne. Koci Garba ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai ne mai cewa na ci kuɗin wata kwaleji?" Na ce ba ni ba ne, Ilu ne. Ilu ya ce shi cewa ya yi wataƙila.

Muka haye gada da sassafe. Motar ta ɗalibai ce masu tsayi irin namu, ba a yi ta don waɗannan zaratan ba, kowa gwiwarsa tana tokare da kujerar gaba. Nafi'u ya gaishe ni a gurguje, ya wuce can baya ya zauna gefen hanya, ya miƙe ƙafa ɗaya a tsakanin kujeru. Yana sanye da dogon wando mai kauri alhali sauran duk gajere suka sa. A cinyarsa akwai wata baƙar leda da ya ƙulle bakinta tam. Tun daga Wudil har muka kutsa cunkoson Kano muka fita, idona yana kan ledar nan.

A Kazaure muka karya da ƙosai da koko. A Daura aka tsaya azahar, koci ya ce a yi ƙasaru tunda matafiya ne. Kowa ya ɗauki buta, Nafi'u yana mota.

"Kai ba za ka sauko ba?" na ce masa ta taga.

"Zan haɗa da la'asar, Kawu. Ai matafiyi yana da rangwame."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Na tayar da salla zuciyata tana mota.

A bodar Kwangwalam na gane ba ni kaɗai ne mai zargi a duniya ba. Takardunmu ba su da matsala. Matsalar tana cikin ragar ƙwallaye. Wani jami'i ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne, ya buga ta a ƙasa, ya sake girgizawa. Ya ce shi ya taɓa ganin abin da aka ɓoye a cikin tayar mota, a cikin kabewa, har a cikin ganga, don haka a sace iskar kowacce ya matsa ya ji. Koci ya yi bayani, Ilu ya yi rantsuwa, mutumin nan ya ce shi ba gardama yake ba, aiki yake. Haka muka tsaya a rana ana sace ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya suna huci. Bai samu komai ba, ya yi mana fatan nasara da fara'arsa. Ni a raina na ce wannan ɗan'uwana ne, da ya nemi shawarata da na nuna masa wata baƙar leda. Amma da aka zo binciken jakunkuna ledar ta ɓace, sai da muka wuce na ga Nafi'u ya zaro ta daga cikin riga.

Sai a Matamaye aka tuna famfon hura ƙwallo yana nan amma allurarsa tana Wudil. Wani mai faci ya cece mu da bututun biro da ya fere. Kafin ya gama aka kira la'asar. Muka jeru a gefen titi, koci ya ja mu. Da na sallame na waiga, babu Nafi'u. Can sai ga shi ya ɓullo daga bayan wani shago, fuskarsa da danshin ruwa, yana tafe a hankali kamar mai tausayin ƙasa.

"Na yi tawa a can, Kawu."

Ilu ya matso kunnena. "Ka ga idonsa kuwa? Ni fa ina jin yaran yanzu akwai abin da suke haɗiya don ƙarfi." Na ce ya rufe mini baki. Amma maganar ta zauna.

Mun shiga Damagaram da yamma. Mai masaukinmu wani malamin wasanni ne, Mushe Isufu. Su can malamin boko mushe suke ce masa, makaranta kuma lakwal. Ya tarbe mu da "Sannunku da zuwa, kun zo lahiya?" ya kai mu wani aji da aka kwashe bencina aka shimfiɗa katifu. Katifun sun yi wa yaran kaɗan, duk wanda ya kwanta ƙafafunsa suna kan siminti. Ilu ya kafa tutarsa a jikin allo, ya ce nan ne ofishin jakadancin Wudil.

Mutanen kirki ne, amma sai da na yi kwana ɗaya kafin in saki jiki da abincinsu. Da safe aka kawo wani burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya, da kofi da madara a babban kwano. Ilu ya ce wannan ba na ci ba ne, sai dai a kori ɓarawo da shi. Da rana dambu ne da zogale, wannan kam ya yi, sai dai man ya fi namu yawa. Shayinsu kuma ba irin na majalisarmu ba ne da ake cika kofi a haɗa da burodi. Ɗan mitsitsin kofi ne, ana dafawa a gawayi ana zubawa zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓi na farko na ajiye na yi godiya zan tashi, Mushe Isufu ya riƙe mini hannu, ya ce wanda ya sha na ɗaya ya tafi ya raina mai gida. Haka na zauna har na uku, ina hango Nafi'u ta taga yana zaune shi kaɗai. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne da rana ta take garin kan mutu, a rufe shaguna kowa ya kwanta. Mu a Wudil in ka rufe shago a wannan lokacin sai a zo yi maka jaje.

Wasan farko da la'asar sakaliya aka yi, a fili na siminti, 'yan kallo da ganguna. Alƙalin wasa da Faransanci yake hukunci, don haka duk busar da ya yi Ilu sai ya ce cuta ce. Da aka busa mana a kan su ma sai da ya yi ihu, aka ce masa ai namu ne. Bashir ɗan Kausani ya jefa ƙwallo ta sami ƙeyar ɗaya daga 'yan biyu. Muna baya sosai koci ya ɗaga wa Nafi'u hannu. Kafin ya tashi na ga ya juya baya, ya buɗe ledar nan, ya jefa wani abu a baki ya kora da ruwa. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum.

Ya shiga da dogon wandonsa. Abin da ya yi a ɗan lokacin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Duk ƙwallon da ta taso daga kwando tasa ce. Ya tare, ya jefa, ya danna ɗaya a kwando har ƙarfen ya yi ƙara, masu ganga suka manta ɓangarensu suka buga masa. Muka kamo su muka wuce. Sai koci ya cire shi. Mun ci wasan da ƙyar, amma Ilu bai yi murna ba. Nan take ya tura wa guruf murya: "Jama'a, ga shi na gani da idona a ƙasar waje. Mutumin nan baƙin ciki yake da yaron nan." Kafin magariba 'yan majalisa sun cika wayata da zagin koci.

Ni ba koci ne a gabana ba. Magariba ta yi babu Nafi'u a sahu, isha babu, asuba babu. Ga kuma abin da na ga ya haɗiya. Na fara shirya yadda zan gaya wa Malam Hudu, kuma duk yadda na juya maganar sai in ga fuskar Yaya Hadiza. Na ji haushin yaron, na ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi.

Washegari ne wasan ƙarshe, da yamma. Da azahar na ce yau sai na ga ƙwal uwar daka. Na yi alwala na bi jama'a har bakin masallacin lakwal, sannan na zame na laɓe a bayan wata bishiyar dogon yaro. Mutum da furfurata ina laɓe kamar ɓarawon kaji. Sai ga Nafi'u ya fito daga aji da buta da ledarsa, ya duba hagu da dama, ya zaga bayan ɗakin ajiyar kaya. Da ya tabbatar babu mai ganinsa tafiyarsa ta canza, ya koma jan ƙafar hagu yana dafa bango. Na ba shi ɗan lokaci, na bi shi.

Yana zaune a kan bulo ya fuskanci gabas, ƙafar hagu a miƙe. Ya naɗe wandon saboda alwala bai sauke ba. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramar ƙwarya, fatar tana sheƙi. Salla yake yi. Ya sunkuya kaɗan ya yi ruku'u, ya ƙara sunkuyawa ya yi sujada da ishara, yadda tsofaffi suke yi a kan kujera. Ledar tana gefe a buɗe: bandeji, man zafi, da maganin ciwon jiki irin wanda kowane kemis yake sayarwa. Na tsaya a wurin har ya sallame. Kunya ta kama ni, sannan wani sanyi ya sauko mini, sannan tsoro, don gwiwar nan ba ta wasa ba ce.

Ya juyo ya gan ni, ya yi saurin jan wando.

"Bar shi," na ce. "Tun yaushe?"

"Tun girbi, Kawu."

"A filin wasa?"

Ya girgiza kai. "Muna ɗauko buhunan gero daga gonar Baba. Na hau amalanke ina jera su, shanun suka zabura, na diro a kan ƙafa ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Koci ya hana mu aikin ƙarfi in an fara kakar wasa, in ya ji zai cire ni. Baba kuma shi ya aiko in zo, saboda ba shi da mai taya shi."

"Shi ne ka bar masallaci?"

"Ba ta lanƙwasuwa, Kawu. In na shiga sahu kowa zai gani. Saurayi kamata yana salla a zaune, ai kafin a shafa fatiha labari ya kai wa koci. Gudu ina iya daurewa in na sha magani. Zaman tahiya ne ba na iyawa."

Na gaya masa abin da ya kawo ni, da abin da mahaifinsa ya ce. Idonsa ya kawo ruwa. Ashe bai san zancen ya je Dagumawa ba. Amma da ya buɗe baki ba wannan ya roƙa ba.

"Kawu, don girman Allah kar ka gaya wa koci sai an gama wasan yau. Ina jin duk abin da kuke faɗa a guruf, yara suna kunna mana. Kowa ni yake jira. Yau kaɗai, in mun koma zan je asibiti."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in yarda. Ni ma ina son kofin nan, ina so in shiga majalisa ana nuna ni ana cewa ga kawun Gwangwala. Sai na sake duban gwiwar, na tuna simintin filin da irin dirowar da ya yi jiya. Na ce masa a'a. Ya kama hannuna, na zare. Na tafi ina jin yana kirana a hankali don kar wani ya ji.

Na sami Koci Garba yana zana tsarin wasa a ƙasa da tsinke. Na faɗa masa komai. Bai yi mamaki ba, ya dai jefar da tsinken.

"Na daɗe da zargi," ya ce. "Yana dirowa a kan ƙafa ɗaya, kuma ya daina shiga sahu. Yaron da ya taso a gidan malamai in ya bar sahu, ko zuciyarsa ce ta samu matsala ko gwiwarsa. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce ya sa gajeren wando, ya ce sanyi yake ji. Ba zan tuɓe ɗan mutane da ƙarfi ba, shi ya sa nake ɗan tsakura shi ina cirewa. Ku kuma kuna can kuna cewa na ci kuɗi." Ya cire tabarau ya goge. "Jiya ma bai kamata in sa shi ba. Zagin ne ya ishe ni."

An yi wasan ƙarshe Nafi'u yana benci da tawul a ka. Yaran sun yi iya yinsu. Bashir ya nutsu, har ya fara duban mutum kafin ya jefa, 'yan biyun Gaya kuma ɗaya ya yi karo ya faɗi ya tashi ya ga bai fashe ba. Amma babu mai tsayin da zai tare mana ƙarƙashin kwando, aka cinye mu da tazara mai kauri. Ilu ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya zo ya tsaya a kan koci yana huci. Na ja shi gefe na ce ya bari sai mun je gida. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma an saye ka ke nan."

Mushe Isufu ya sallame mu da kilishi da dogon burodin nan guda-guda. A boda jami'in ranar nan ya gane mu, ya tambayi sakamako, ya ce Allah ya sa gaba ta fi, bai taɓa ƙwallo ko ɗaya ba. A Daura koci ya ciro kujerar roba daga wani shago ya ajiye a ƙarshen sahu, Nafi'u ya ƙi saukowa. Tun daga Damagaram har gadar Wudil bai ce mini uffan ba. Na miƙa masa kilishi, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a gefe bai ci ba. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Likita a Kano ya duba ya ce wata jijiya ce ta yage, kuma wasan da ya riƙa yi a kanta ya ƙara ɓata ta. Ya ce bana kam babu ƙwallo, baɗi sai yadda ta warke. Don haka masu tambayata ko Gwangwala zai dawo, ban sani ba, likitan ma bai sani ba.

Daga asibiti na wuce da shi Dagumawa a bayan mota, ƙafar a ɗaure. Ya shige ɗakin uwarsa, ni na zauna da Malam Hudu a zaure. Na ce masa yaro bai bar salla ba, na gan shi da idona yana yi a kan bulo a bayan ɗaki, ciwon gwiwa yake ɓoyewa.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sauke numfashi. Sai fuskarsa ta sake ɗaurewa. "To ai ga irinta nan. Ƙwallon ce ta nakasa shi. Dama na faɗa."

A hanyarmu daga asibiti Nafi'u ya buɗe baki sau ɗaya tak, ya ce kar in faɗi inda ya ji ciwon. Wannan roƙon ma ban cika masa ba.

"Ba a fili ya ji ba, Malam. Daga kan amalanke ya faɗo, ranar kwasar gero."

"Amalanken wa?"

"Naka."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce ranar ya ga yaron ya tashi yana kaɗe jiki, har ya ce masa ya yi sauri rana tana yi. Muna zaune aka kira la'asar.

Ya tashi ya shiga gida. Ina alwala sai na gan shi ya fito ɗauke da farar kujerar roba. Wani maƙwabci ya taso zai karɓa, ya hana. Shi da kansa ya kai ta masallacin ƙofar gida, ya wuce da ita har sahun farko, ya ajiye a gefen inda yake tsayawa, mutane suna kallo. Sannan ya leƙo ya ce mini, "Malam Isyaku, ka ce wa yaron nan ana jiransa."

Na shiga na same shi a bakin gado, ya riga ya yi alwala, Yaya Hadiza tana tsaye tana share ido da gefen mayafi. Na faɗa masa saƙon. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun bayan ɗakin ajiyar nan na Damagaram.

"Kawu, riƙe ni."

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa, don iyakar inda tsayina ya kai ke nan. Muka fita a hankali, liman bai tayar ba sai da muka iso.